HANNUN DA SAURO YA SABA DA SHI

Shafi na 23

Masu aiko min da saƙo tun asuba wai na bar ku a tsaye, to ga tabarma, ku zauna. Ke kuma da kika rantse in Uwar Sauro ba ta buɗe baki yau ba kin daina karantawa, gyara zama ƴar'uwa, yau bakin ya buɗe.

Ƙarfe uku da kwata Uwar Sauro ta tura ƙofar ofishin Farfesa. Shekara tara tana aiki a ƙarƙashinsa, ba ta taɓa shiga ba sai ta ji an amsa sallamarta, amma yau ita kanta sallamar a ciki ta yi ta.

Yana zaune yana gyaran takardun ɗalibai da jan biro. Bai ɗago ba.

"Ƴata, lokacin ciyar da sauro bai yi ba ai. Sai huɗu."

"Na sani, Malam. Ƙarfe huɗu kuma za a rufe karɓar takardar shaida."

Biron ya tsaya.

Wata biyu ke nan da wata babbar cibiyar bincike a ƙasar waje ta kira ta aiki. Ta cike komai, an yi mata tambayoyi ta kwamfuta, ta ci. Abu ɗaya ya rage, takardar da malaminta zai rubuta a kanta. Ya ce mata ya aika tun tuni, ta yi godiya har da rusunawa. Sai yau da rana Rediyo, tsohuwar abokiyar aikinta da ta riga ta tafiya can shekara huɗu da suka wuce, ta turo mata hoton takardar, ta rubuta a ƙasa: ki je ya canza ta kafin huɗu, in ba haka ba kin faɗi.

Ta ajiye wayar a kan takardun da yake gyarawa.

"Malam, karanta min wannan. Idona ne ban yarda da shi ba."

Ya dubi wayar ta saman gilashinsa. Bai taɓa ta ba.

"Wa ya ba ki?"

"Shi ne abin da ya dame ka?"

"Rediyo ce. Yarinyar nan ko gawa ta ba wa sirri sai ta koma ta karɓo ta kai kasuwa."

"To ni bari in karanta maka." Ta karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Tana da hannu mai kyau da haƙuri. Sai dai ban ga alamar za ta iya jan bincike da kanta ba."

Fanka na juyawa a sama, tana ɗan ƙara kamar kullum. Ta tagar gilashin da ke tsakanin ofishin da ɗakin sauro ana hango kejuna goma sha biyu a jere, kowanne da audugar ruwan sukari a samansa.

"Hannu, Malam? Shekara tara, hannu kawai ka gani?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Wa ya gano cewa ƙwayar zazzaɓi a hanjin sauron nan take mutuwa? Wa ya feɗe sauro dubu huɗu a ƙarƙashin madubin ƙara girma har sai da aka yanka masa gilashi?"

"Ke ce."

"Da takardar binciken ta fita sunana na nawa ne?"

"Na huɗu."

"Bayan mutum uku da ba su taɓa jin kukan sauron nan ba, don kawai su suka aiko da sinadari. Na yi magana? Ka ce in yi haƙuri, haka duniyar take, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na haƙura. Yanzu kuma kai da kanka ka ɗauki biro ka ce ba ni da kai."

Ta ja hannun rigarta sama har gwiwar hannu, ta miƙa masa. Daga wuyan hannu zuwa sama fatar ta yi duhu, tabo a kan tabo, wani ya warke wani sabo.

Duk wanda ya san Uwar Sauro ya san labarin hannun nan. Shekara uku da suka wuce injin da ke ɗumama wa sauron jini ya ƙone. Aka rubuta neman wani, aka ce a jira. Sauro kuwa bai san jira ba, in macen ba ta sha jini ba ba ƙwai, in ba ƙwai zuri'a ta yanke. Zuri'ar nan kuma ba a sayo ta a kasuwa, Farfesa ne ya kamo kakanninta a wata fadama da yanzu an cike ta an yi gidaje a kai. Da ta ga sun fara zubewa a ƙasan keji, sai ta wanke hannu ta ɗora a kan ragar, ta rufa baƙin ƙyalle, ta cije leɓe minti goma sha biyar. Ta ce na sati biyu ne kafin inji ya zo. Injin bai zo ba sai bayan shekara biyu, ranar da aka kunna shi kuwa ko ɗaya bai sauka a kai ba. Sun saba da fata, sun manta robar inji.

Tun daga nan Litinin da Alhamis ƙarfe huɗu ba nata ba ne. Ba turare, ba sabulu mai ƙanshi, ko kanta na tsagewa ba ta shan magani ana gobe ciyarwa. Ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce kwana uku ba. Maigidanta har tsokanarta yake yi, wai shi kaɗai ne a unguwa ya auri mace mai ƙanshin sabulun wanki. Ƴarta kuwa da aka ce su zana iyayensu a makaranta, sai da ta bi hannun mamanta da ɗigo-ɗigon biro.

Ita ta ceci sauron, ita kuma ta ɗaure kanta da su, ba wanda ya sa ta.

"Sauke hannun rigarki," in ji Farfesa a hankali. "Na san hannun."

"To don shi ka riƙe ni?"

"Eh."

Ta zaci zai musa. Ta shigo da amsoshi goma a baki, duk na wanda zai musa ne. Da jin wannan eh ɗin, ba ta san lokacin da ta zauna ba.

Ya tashi da ƙyar, ya dafa tebur, ya nuna bangon da ke bayansa. Hotuna goma sha ɗaya ne a jere, kowa da rigar kammala karatu, shi kuma a gefe yana murmushi, gashinsa na ƙara fari daga hoto zuwa hoto.

"Kin san su duka. Wannan ni na koya masa riƙe bututu, hannunsa rawa yake yi kamar mai jin sanyi. Yanzu ɗakin bincikensa hawa uku ne. Ba ya tuna ni sai in yana neman samfur. Wannan da kuɗin aljihuna na saya mata littafi. Wannan ya yi min kuka a kan kujerar da kike zaune, ya ce shekara biyu zai yi ya dawo, bana shekara goma sha huɗu."

"Malam..."

"Bari in gama. Shekara takwas ake yi kafin a samu mutum ɗaya irinki. Mu share gona, mu shuka, mu yi ban-ruwa da ɗan abin da muke da shi. Ranar da amfani ya nuna sai su aiko da tikitin jirgi. Ba su biya ko taki ba. Sannan in sun haɗa maganin da iliminku, mu za mu saya a hannunsu da tsada."

"Ba tikiti ke kwashe mu ba, Malam. Jira ne. Wata takwas na yi ina jiran sinadarin da Rediyo ke samu kafin shayinta ya huce. Sau nawa wuta ta ɗauke aikin wata shida ya narke a firji? Ina da tambayoyi a kaina da ba zan taɓa amsa su a ɗakin nan ba, ko zan shekara ɗari."

"Na sani."

"Shekarata talatin da bakwai. Wannan gurbin ba a ba wanda ya wuce talatin da takwas. Ka san wannan ma?"

"Na sani."

"Ka sani, ka rubuta?"

"Mu goma sha biyu ne a nan da. Yanzu saura ni, sai ke, sai Inna mai shara. Na roƙi Inna ta ba da hannunta, kin ji amsar da ta ba ni."

Ta ji mana. Inna cewa ta yi, ranka ya daɗe, ni a gida da takalmi nake bin su, a nan kuma in zama abincinsu? Ɗalibai kuwa ba mai zama, kowa yana shigowa da ido ɗaya a kan madubi ɗaya a kan fasfo.

"Ni kuma kin ga abin da ya faru da na gwada."

Wannan ma ta gani. Bara ne, ranar da ƴarta ta kwanta asibiti ta makara. Ta iso ta tarar da shi a ƙasa tsakanin kejuna, leɓɓansa sun kumbura, numfashi na fita da ƙara. Likita ya ce jininsa ba ya jituwa da yawun sauro mai yawa haka, in ya sake, ba lallai a kai shi asibiti da rai ba.

"In kin tafi, sati uku sun ƙare," in ji shi. "Aikin shekara goma sha tara. Na zauna zan rubuta gaskiya a kanki, na duba ta tagar nan, hannuna ya rubuta ƙarya. Ba zan ce miki don ƙasa na yi ba. Tsoro na ji, ƴata. Tsoron in wayi gari ni kaɗai da kejuna babu kowa a ciki."

Hawayen da take riƙewa tun rana suka zubo. Ta tsani hakan. Ta so ta tsane shi gaba ɗaya ta huta, amma mutumin nan shi ya tsaya mata lokacin da kowa ke cewa mace da goyo ba ta iya digiri na uku.

Ta dubi agogon bango. Uku da minti talatin da takwas.

"Ka canza ta. Har yanzu da lokaci."

"Zan canza. Amma ki ga wani abu tukuna."

Ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, wanda kullum yake a kulle, ya ciro wani siririn fayil ya tura mata. Wasiƙu biyu ne da aka buga daga imel. Tana ganin tambarin da ke sama ta gane shi, irinsa ne a kan takardar da aka kira ta aiki.

"Karanta."

Ta farko neman ƙwan sauron suke yi, cikin ladabi, wai don amfanin kimiyya. A ƙasa ga amsar Farfesa: ya yarda, da sharaɗin a kafa na'urar binciken a nan, a yi aikin tare, sunan ɗalibarsa ya zo a farko. Ta biyu sun ce kafa na'ura a nan ba zai yiwu ba, amma za su gode masa a ƙarshen takardar binciken. Amsarsa layi ɗaya ce: a'a.

"Dubi kwanan watan."

Ta duba.

"Yaushe suka rubuto miki?"

Ba ta bukatar buɗe waya, ranar tana zaune a kanta. Kwana goma sha shida tsakani.

"Ba ki nema ba, su suka neme ki, ko ba haka ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Ƙarya ne." Ta ture fayil ɗin. "Sun karanta aikina. Awa biyu suna yi min tambayoyi."

"A kan me?"

Tambayoyin suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Zafin ɗaki nawa suke so. Kwana nawa ƙwan ke yi a jiƙaƙƙiyar takarda kafin ya mutu. Me tsutsar ke ci. A ranar ta ɗauka suna gwada zurfin saninta ne, har ta koma gida tana ba maigidanta labari da alfahari.

"Me ya sa ba ka nuna min tun farko ba?"

"Da kin ce baƙin ciki ne irin na tsoho. Kuma da kin yi gaskiya, don akwai shi a ciki."

Ya juya kwamfutar ta fuskance ta. Wata takarda ce a buɗe, shafi biyu cif. Idonta ya faɗa kan layi ɗaya: a shekara talatin da na yi ina koyarwa, ban taɓa samun mai kaifin tunaninta ba, kuma abin da aka sani da sunana a aikin nan, rabinsa nata ne.

"Wannan na fara rubutawa. Ita ce gaskiyar."

Ya shiga shafin cibiyar, ya zaɓi takardar, ya danna. Wani siririn layi ya bayyana, ya fara cika a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Intanet ɗin wurin nan ai sai addu'a.

"In ya cika zai tambaye ki ko kin tabbatar. Sai kin danna da hannu, in aka bar shi ya wuce minti ɗaya sai a sake daga farko. Ni ba zan iya dannawa ba. Ke ki danna."

Ya cire gilashinsa ya ajiye a kan takardun ɗalibai. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ki zauna ki gama. Yau ba sai kin ciyar da su ba."

Ya ja ƙofar.

Uku da minti arba'in da tara. Layin ya kai kashi ashirin.

Ta ɗauki waya ta kira Rediyo. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ya canza? Don Allah ce min ya canza! Wallahi tun ɗazu na kasa cin abinci, ga shi na riga na samo miki gida kusa da nawa, da makarantar yara a bayan layi, ke in kin ga ɗakin binciken nan sai kin yi kuka, firji kawai guda..."

"Rediyo."

"Na'am?"

"Ƙwan sauro suke so?"

Wadda aka laƙa wa Rediyo don ba a taɓa jin ta mutu ba, yau ta ɗauke kamar an zare mata batir.

"Ina jin ki," in ji Uwar Sauro.

"Ai ba wani abu ba ne, ƙawata. Ɗan kaɗan ne. Takarda jiƙaƙƙiya guda, ki sa a jakar hannu, wa zai duba? Za su gaya miki bayan kin sa hannu."

"Ke kin sani tun yaushe?"

"Ki bari mana."

"Tun yaushe?"

"Ni na ba su sunanki." Muryar ta yi ƙasa. "Sun ce tsohon ya ƙi, ko akwai wata hanya. Na ce akwai wadda ta fi shi sanin sauron. Na yi ne don ki fita, wallahi don ki fita na yi. Har ɗakin sauron an gama haɗa miki."

"Da inji?"

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Rediyo, da injin ɗumama jini?"

"Sun san ba sa karɓar inji. Na gaya musu."

Uwar Sauro ta dubi hannunta da har yanzu rigar ke naɗe. Dariya ta kufce mata, irin wadda ta fi kuka ciwo. Wanda ya san tana da kai ya rubuta cewa hannu ce don kada ta tafi, waɗanda suka yaba wa kanta kuma hannun suke jira a filin jirgi. Gaba kura, baya sayaki.

"Ki saurare ni," in ji Rediyo da sauri. "Kowa a nan ta wata ƙofa ya shigo. Ni da samfurin jinin marasa lafiya ɗari biyu na shigo, kin ɗauka kyawun fuskata suka gani? Ki shigo tukuna. Shekara biyu, uku, sai ki nuna musu ko ke wace ce. A can me kike jira? Wata shekara tara?"

"In na zo babu ƙwan fa?"

Ba ta jira ba, ta sake tambaya.

"Za su ɗauke ni in na zo hannu rabbana?"

"Ban sani ba. Amma takarda mai kyau za ta sa ya yi musu wuya su ƙi. Ki aika, ƙawata. Ki aika ko don ƴarki."

Uku da minti hamsin da shida. Kashi saba'in da takwas.

Ta kife wayar a kan tebur. Ta matso da kujera, ta ɗora yatsa a kan maɓalli, ta ƙura wa layin ido. Ko ƙwai ko ba ƙwai, wannan takardar tata ce, guminta ne, ba za ta bari ta mutu a cikin kwamfutar tsoho ba. Sauran maganar a yi ta gobe.

Kashi tamanin da uku.

Sai ta ji ƙarar famfo daga ɗakin sauro.

Ta san ƙarar nan. Ita ke kunna famfon nan duk Litinin da Alhamis, minti uku kafin huɗu, ta wanke hannu da ruwa zalla har gwiwa.

Ta ɗago ta dubi tagar gilashi.

Farfesa ne tsaye a gaban keji na bakwai, wanda ya fi kowanne cika. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan benci. Ya naɗe hannun rigarsa na dama, ninki ɗaya, biyu, uku, ya ɗauko baƙin ƙyallenta daga ƙusar da take rataye shi.

Yau ba sai kin ciyar da su ba.

"Malam!"

Ta buga gilashin da tafin hannu. Bai juyo ba. Ko sakin ta yake yi ta tafi, ko igiya ta ƙarshe yake ɗaura mata, ba ta sani ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Daga kujerar nan zuwa inda yake sai ta fita baranda, ta zagaya, ta buɗe ƙofa biyu masu raga ɗaya bayan ɗaya. Bara minti huɗu kacal ya yi kafin ya faɗi.

Kashi casa'in da ɗaya.

"Malam, don girman Allah!"

Ya ɗora hannunsa a kan ragar, ya ja ƙyallen ya rufe.